Yatsun da Siminti Ya Cinye

Allah sarki, Kawu Birkila! Shekara goma sha ɗaya yana ɗora bulo a ƙasar da ba tasa ba, kuma ko maƙiyinsa ya san gininsa ba ya karkacewa. Bana aka ce duk baƙon da ba shi da takardar izinin aiki za a mayar da shi inda ya fito.

Ya yi sammako ya bi layin masu neman takardar, wasiƙar ɗan kwangilar da yake wa aiki tana aljihunsa. Da layi ya zo kansa, wata ma'aikaciya ta danna yatsunsa a kan na'urar ɗaukar zanen yatsa. Shiru. Ta goge gilashin, ta sake.

"Baba, ina zanen yatsunka? Ko a gida ka baro shi?"

Ashe siminti ya cinye shi tas. Ta ce ya huta wata biyu yana shafa mai, zanen zai dawo.

Da ya kai masa labari, ɗan kwangila ya ce, "Wata biyu, Kawu? Wasiƙata ta mai aiki ce, ba ta mai jinyar hannu ba." Ya karɓe abarsa.

Da la'asar matarsa ta tarar da shi a bakin ƙofa, yana ta murza mai a yatsu. Ta shige ɗaki, ta fara ɗaure tukwane.