Taliyar Inna a Sikelin Nama

Shekarun baya, ina budurwa a gidanmu a Bakura, aka gano mahaifiyata tana da ciwon suga. Ni na raka ta asibiti a Talata Mafara. Likita ya lissafo abubuwan da za ta rage, tana ta gyaɗa kai, sai da ya ambaci taliya ta ɗago.

"Likita, har taliya?"

Inna da taliya da manja da yaji sai Allah. Ya ce ba hana ta ya yi ba, ya faɗi giram ɗin da za ta riƙa ci. Na riƙe lambar a kaina ina jin kaina rabin likita, ban tambayi komai ba.

Matsalar ita ce gidanmu ba a san giram ba. Da gwangwanin madara muke awo, ko da tafin hannu. Mahaifina mahauci ne, mutum marar yawan magana da ban taɓa ganin ya leƙa madafa ba. Washegari sai ga shi da sikelin nama a bayan babur.

Sikelin ba ya jin ƙaramin abu, don haka Baba ya ce in dafa taliya da yawa. Ya auna kilo guda na dafaffiyar, ni na yi lissafi, shi ya kasa ta kashi-kashi a faranti kamar yadda yake kasa nama. Kashi ɗaya ko gwangwanin madara bai cika ba.

Inna ta dube shi ta ce, "Malam, wagga ai abincin kaza ta."

"Haƙuri za ki yi, Hajiya. Haka anka ce."

Haka ta riƙa ci, loma kaɗan ta suɗe hannu, ba ta ƙara ƙorafi ba. Bayan kwanaki na lura duk ranar taliya kwanon Baba yana dawowa kusan a cike. Na zata girkina ne. Ashe daidai abin da aka zuba wa Inna yake ci, ya rufe sauran.

Ranar komawa asibiti, shi ma ya biyo mu. Na yi wa likita bayanin awonmu dalla-dalla, ina jiran yabo. Sai ya dafe kai.

"Ɗanya nake nufi, kafin a dafa! Taliya in ta sha ruwa nauyinta ya kan ninka har ya wuce. Ai ko rabin rabonta ba ku ba ta ba."

Na rasa inda zan sa fuskata. Baba ya ce, "Ashe yunwar banza munka sha."

Inna ta juyo. "Munka sha? Kai wa ya aike ka?"

Ya sunkuyar da kai yana gyara hula. "To in ƙoshi kina kallo?"

Gefen mayafinta ta ja ta rufe fuska, ni kuma na yi kamar ina neman wani abu a jaka.

Da muka koma gida aka sake awo da ɗanyar taliya, Baba ya karta alama da wuƙa a jikin wani kofi, makaroni ma aka yi masa tasa alamar daban. Yau Inna tana nan da sauƙi, alhamdulillahi, Baba kuwa ya riga mu gidan gaskiya. Na girma ina zaton iyayena zaman haƙuri kawai suke yi, don ban taɓa jin kalma mai daɗi ta shiga tsakaninsu ba. A ofishin likitan nan na gane ni ce ban iya kallo ba. Allah Ya jiƙan Baba.