Baƙin Zaren Inna Hussainatu

Duk macen da aka haifa a layinmu na Zongo cikin shekara talatin ɗin nan, in ta ɗaga ɗankwali za ka ga aikin Inna Hussainatu. Ita ke huda wa jarirai kunne. Allura ɗaya, man kaɗanya da bisimilla, kafin jaririya ta buɗe baki an gama. Ita ta huda mini, ita ta huda wa 'yata, kuma katanga ɗaya ce tsakaninmu, don haka ni ganau ce ba jiyau ba.

Da can baƙin zare take zurawa a hujin har kunne ya warke. Sai aminiyarta Hajiya Talatu, mai shagon kayan yara a kasuwar Hédzranawoé, ta ce mata, "Haba Hussaina, zare a wannan zamani? Ke dai ƙauyanci ya ƙi sakin ki." Ta nuna mata ƙananan 'yan kunne masu ruwan zinari, da awarwaro, da ɗan kwanon koko mai zanen furanni. Tare suka taso, tare suka sauke farali. In Talatu ta ce ruwa ba ya jiƙa, Inna sai ta yarda. Ta ajiye zare, ta koma sayen kayan a shagon Talatu. Shekara shida, kowace jaririya ta huda sai ta ba ta kayan nan uku kyauta. Har tsiya muke mata, wai ita kaɗai ce mai sana'ar da ke fita da kaya ta dawo da albarka zalla.

Jikarta Hajara, marainiyar da take riƙo, ba ta da abin wasa sai tsotsar awarwaronta. Da ta kai shekara uku sai ciwon ciki, sai ƙin abinci, 'yar maganar da ta fara ma ta tsaya. An sha rubutu, an sha saiwoyi, shiru. A asibiti aka gwada jininta aka ce gubar dalma ce. Likita ya sa aka auna abin da take sa wa a baki, aka same ta a awarwaron, aka same ta a fentin kwanon.

Wallahi ba faɗa ya kai Inna kasuwa ba. Babur ta hau, ni ina bin ta a wani, don ta gargaɗi ƙawarta kada dillalai su ci gaba da cutar ta da mugun kaya. Ba mu tarar da Talatu ba, sai maƙwabciyar shagonta. Inna ta nuna mata kayan.

"Waɗannan?" in ji matar. "Ai shekara biyu ke nan da masu duba kaya suka zo da na'ura, suka ce guba ce, kowa ya janye. Hajiya ta kwashe nata ta kai gida, ta ce tana da mai ɗauka a Zongo."

Muna tsaye Talatu ta iso. Ko kunya! Cewa ta yi, "Tsoron 'yan boko ne kawai, Hussaina. Mu me ba mu tsotsa ba muka girma? Ki ɗauki ƙaddara." Ni na so in yaga mayafinta. Inna ta riƙe hannuna muka fito.

Washegari ta ɗauki roba ta shiga gida-gida tana karɓe kyautarta. Kowa ya san abin kunya ne babba ya ba da kyauta ya dawo ya ce a ba shi abinsa, amma ta yi, tana roƙon iyaye su kai yara gwaji. Wasu sun yi kuka tare da ita. Wata ta jefo mata kwanon ta ce, "Ke muka amince wa, Inna." Inna ba ta taɓa kiran sunan Talatu ba. Ni na kira shi, a famfo da gidan suna, kuma ban yi nadama ba.

Ranar da ta gama zagayen, da la'asar, na same ta a tsakar gida da robar cike a gabanta. Hajara na jingine da ita, an fara mata magani, amma har yanzu ba ta ce "Inna" ba.

"Kin tuna ranar sunan jikar Talatu bara?" ta tambaye ni. "Na ɗauko 'yan kunnen zan sa mata, sai Talatu ta kwance bakin zani ta miƙo mini baƙin zare. Wai kunnen yarinyar ba ya son ƙarfe. Har dariya na yi mata, na ce yau su wa ƙauyanci ya kama?"

Ta shafa kan Hajara, hawaye na zuba.

"Jaririyar kwana bakwai. Yaushe aka san abin da kunnenta ba ya so?"