Masu gadi huɗu a ordinatar Sanusi

Ana idar da sallar asuba kar ɗinmu, babbar motar fasinja, ta bar tashar Damagaram, ni da wani maƙwabcina mai fataucin albasa, wanda ya ce tunda Agadas na nufa ba zai bari in ci cuku ni kaɗai ba. Ku da kuka yi ta zuwa shagona kuna tarar da shi a kulle, to ga inda na shiga. Gyaran ordinata, wato kwamfuta, shi ne sana'ata, kuma gyara ne ya kai ni, sai dai wannan karon ba na kasuwa ba ne. Yayata ce ta kira ni a salula. Ɗanta na fari, Sanusi, ya rasu bara a haɗarin mota a hanyar Tabelot, ya bar wata tsohuwar ordinata a ɗakinsa cike da hotuna da bidiyo. Yanzu da an kunna ta sai fuskarta ta koma shuɗiya ta mutu. Abin da Yaya ta faɗa min a wayar shi ya hana ni sakat: “Habu, na fara mance muryar yaron nan.”

Jakata ba nauyi. Sukundireba ce da ɗan buroshi, sai kile, wato ɗan abin nan kamar yatsa da ake kwasar bayanai a ciki.

Hanyar Tanut na san ta tun ina ɗan lakol, wato makarantar boko, lokacin da muke saukowa hutu a bayan babbar mota, kan buhunan gishiri. A wancan zamanin idan damina ta yi kyau za ka ga rumbuna a jere kamar an shirya su don baƙi. Bana kuwa damina ta yi gardama. Karan gero ko gwiwa bai kai ba ya bushe a tsaye, ga mushen shanu nan da can a gefen hanya. A wata kasuwa da muka tsaya na ga Bafulatani yana neman mai karɓar saniya ya ba shi buhun gero, ba wanda ya kula shi.

Shingayen sojoji kuma sun ƙaru tun da suka karɓi mulki. A kowane sai an sauko an nuna katin shaida. A na Adarbisnat wani soja ya zaro sukundirebata yana juya ta, ya tambaye ni aikina. Da na ce ina gyaran ordinata sai fuskarsa ta sake, ya jawo ni gefe ya ce ta ofishinsu tana nauyi kamar jakin da ya sha kaya, mene ne magani? Na ba shi shawara a tsaye, ya sallame mu da murmushi. Ranar fasinjoji sun ga amfanina.

Da la'asar sakaliya hasumiyar babban masallaci ta bayyana daga nesa. Na yi shekaru ban zo ba, ko jana'izar Sanusi ban samu ba, ina kwance a likita a lokacin. Lungunan tsohon gari suna nan yadda na bar su, ƙunci da inuwa da ƙarar gudumar maƙeran azurfa. Abin da ya ragu shi ne baƙi. Masu sayar da kayan fata da a da ba sa samun sukunin zama, yanzu shayi suke dafawa suna kallon hanya.

Yaya ta rame. Ta tarbe mu da fura mai cuku da dabino, irin wadda ban taɓa samun mai dama ta daidai ba a Damagaram, duk da cika bakinsu. Ta ba mu haƙuri wai ba lemun Timia, rijiyoyin lambu sun ja baya, ɗan abin da ke saukowa daga dutse ya fi ƙarfin talaka. Maƙwabcina ya shanye ƙwarya guda ya ce ya yafe lemun. Washegari shi ya wuce kasuwar albasa, ni kuma aka buɗe min ɗakin Sanusi.

Ba a taɓa komai ba. Takalmansa suna bakin ƙofa, rawaninsa a rataye, ordinatar kuma an lulluɓe ta da sabon zane kamar amarya. Na kunna. Ta ɗauki lokaci tana nishi, sannan wata 'yar taga ta fito a ƙasan fuskarta, da rubutun Faransanci, a tsakiya kuma an rubuta SANUSI da manyan baƙaƙe. Yaya, da ke tsaye a bayana, ta ɗan matso. Ba a jima ba komai ya koma shuɗi, na'ura ta mutu.

Na fara da abin da kowa zai fara da shi a garin nan, zafi da ƙasa. Na kwance ta, na share fankar ciki, na zare katunan ƙwaƙwalwarta na goge na mayar. Ta sake mutuwa. Na zargi kuran, wato lantarki, don wutar da ke zuwa daga tashar Anou Araren takan yi rawa, na ari na'urar daidaita wuta a maƙwabta. Duk a banza. Daga nan na tashe ta ta hanyar da muke kira mod san eshek, inda ordinata ke tashi tsirara, ba ta ɗauko komai sai abin da ba ta iya rayuwa ba tare da shi ba. Sai ga ta lafiya lau, ko tari babu. Nan na san ƙarfen ba shi da laifi, wani abu da aka zuba mata ne yake shaƙe ta. Kafin in taɓa komai na kwashe hotuna da bidiyon duka a kile na soke a aljihu.

Da na leƙa jerin abubuwan da ke cikinta sai da na yi dariya ni kaɗai. Antibirus, wato mai gadin da ake sa wa ordinata don ya kore mata cuta, guda ɗaya ake sawa. Wannan huɗu ne a cikinta.

Yaya ta yi min bayani dalla-dalla. Ɗaya ƙanen mijinta ne ya kawo daga Arlit da ya zo ta'aziyya. Ɗaya surukinta ne, mijin 'yarta. Ɗaya kuma wani abokin marigayin ne mai aiki a siber, shagon intanet. Kowa ya zo gaisuwa ya ji ana tsoron kada kayan Sanusi su lalace, sai ya zaro kile ya ce ga nasa tsarin, ya fi na kowa ƙarfi. A gidanmu kuwa ba a mayar da tsaraba, ba a kuma jefar da abin da baƙo ya kawo, balle suruki. Ita a ganinta kamar layu ne, in an ƙara ba a rage komai ba.

Na ce, “Yaya, masu gadi huɗu kika zuba a zaure ɗaya, ba wanda ya san wani. Kowa yana ganin ɗan'uwansa ɓarawo ne, sai su kaure da kokawa, gidan ya faɗi a kansu.”

Ta ce, “To in surukina ya tambaya, mi za ni ce mishi?”

Na ce ta ɗora min laifin, ai an san mutanen Damagaram da rashin kunya. Ta yi dariya, karo na farko tun zuwana.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya, in cire, in sake kunnawa, in jira. Na Arlit ya tafi, na suruki ya bi shi, na siber ma haka. Na yi zaton an gama, har na fara tunanin shayi. Tagar nan mai sunan Sanusi ta fito, fuskar ta sake komawa shuɗiya. Wannan karon na tsaya na karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa, sunan fayil ɗin da ya kayar da ita. Na mai gadi na huɗu ne, mafi tsufa, wanda Sanusi ya sa da hannunsa. Wa'adinsa ya daɗe da ƙarewa, kuma kokawar da ya sha da sauran ta gurgunta shi. Na gwada kashe shi kawai in bar shi a ciki, ya ƙi, don saiwarsa ta shiga can ƙasa. Ba mafita sai cirewa, kuma in ya tafi tagar ta tafi da shi.

Sai ku san wani abu game da Yaya. Sanusi ɗan fari ne, ita kuma 'yar zamanin da ce, mai alkunya ta gaske. Tun da ta haife shi ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. “Yaron nan” ne, ko “wancan”. Ba ta yi lakol ba, ba ta karatun boko, amma ta san siffar baƙaƙen nan. Ta gaya min shi ya nuna mata ranar da ya rubuta, yana tsokanarta wai tunda ba za ta faɗa ba, to ta riƙa gani. Duk watannin nan kowace safiya sai ta kunna na'urar, ta kalli sunan kafin shuɗin ya rufe shi, sannan ta mayar da zane.

Na faɗa mata gaskiya. A mod san eshek hotuna za su buɗe, amma ba sauti ko kaɗan, haka aka yi shi. Salularta kuma irin mai tocila ce, ba ta bidiyo. In tana son muryar a ɗakin nan bayan na tafi, sai mai gadinsa ya fita. Na ƙara da cewa zan iya rubuta sunan a fuskar ordinatar da manyan baƙaƙe, ya ma fi wancan kyau.

Ta girgiza kai. “Wannan hannunka ne, Habu. Ba nashi ba.”

Ta fita tsakar gida. Ina jin ta tana gyara tukwanen da ba su buƙatar gyara. Ni kuma na zauna ina kallon rawanin, ina tuna lokacin da nake ɗora shi a wuya mu je kallon raƙuma a kasuwar dabbobi, yana ja min kunne wai linzami ne. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ji haushin sana'ata. Da ta dawo ta ce in kunna mata sau ɗaya. Na kunna. Ta kalli sunan har shuɗin ya zo. Sannan ta ce, “Hidda shi.”

Na cire. Na sa sabo guda ɗaya mara nauyi, na sake kunnawa. Ordinata ta tashi tsaf, ba taga, ba shuɗi. Na buɗe bidiyon farko da hannuna ya faɗa a kai.

Lambun Tabelot ne, shekarar da ruwa ya wadata. Albasa kore shar har gindin dutse, raƙumi yana jan guga, ƙarar gungumen rijiya tana tashi, ruwa yana bin kwalbati. Sai hoton ya juya, ga fuskarsa ta cika ko'ina, yana dariya. Ya ce, “Inna! Inna, kina gani? Bana sai kin gaji da miyar albasa!”

Yaya ta dafa teburin. A hankali ta ce, “Na'am, Sanusi.”

Ban juya na kalle ta ba. Na tashi na bar musu ɗakin.

Kafin in baro garin na koya mata inda za ta danna, na ɗiga jan farce a kan maɓallin don kada ta ɓata. Na kuma roƙe ta duk wanda ya sake zaro kile ta ba shi fura ya sha, ta ce Habu ya hana. Kilen da na kwashe kayan a ciki na bar mata, ta ƙulle shi a bakin zane ta sa a ƙasan adaka.

Dawowa ba wani labari, shingayen nan ne da mushen nan, sai maƙwabcina da ke ta mitar albasa ta yi tsada. Abin da na ƙaru da shi a tafiyar shi ne, shekara da shekaru ina goge abubuwa a na'urorin mutane ba tare da na tambayi wanda ya sa su ba. Yanzu sai na tambaya. Ku kuma don Allah mai gadi ɗaya ya isa, ko da suruki ne ya kawo na biyun.

Muna shiga tashar Damagaram salulata ta yi ƙara, lambar Yaya. Na ɗauka na yi sallama, ba ta amsa ba. Ƙarar gungumen rijiya na ji, da ruwa yana zuba, sannan dariyar Sanusi. Ta danna bidiyon da kanta. Na tsaya da jakata a tsakiyar tasha, 'yan kabu-kabu suna ta yi min oda, ban matsa ba sai da ya gama magana.