Ƙafar Eruera Ba Ta Shiga Ruwa

Eruera mai nutso ne tun yana ɗan shekara goma sha biyu. A ƙauyensu na bakin teku, arewa da garin Gisborne, in an yi rasuwa ko biki ba a tambayar wanda zai kawo abincin ruwa, an san shi ne. Giya kuwa ya fara ta kusan tare da nutson, ita ma ya ƙware a kanta ba kaɗan ba. Yana da shekara arba'in da huɗu ya tuƙo mota a buge, ya karya wa wani makiyayin tumaki ƙugu. Aka ɗaure shi shekara uku.

Bayan wata ashirin da biyu aka yi masa sakin talala, da sharuɗɗa cike da takarda. Ba giya ko ɗigo. Duk Talata da Alhamis zai je Gisborne zaman masu neman rabuwa da shaye-shaye, tafiyar awa biyu a bas, tunda an ƙwace lasisinsa. Sannan aka ɗaura masa wata baƙar na'ura a idon sawu, wadda ke shinshinar zufarsa tana kai rahoto ko ya sha. Glenys, jami'ar da ke sa masa ido, sau biyu tana maimaita masa: wanka a tsaye ba laifi, amma in na'urar ta nutse a ruwa za a ɗauka kashe ta ya so yi, ya koma ya ƙarasa wata goma sha huɗun da suka rage.

Ya ce to. Tun da ya fito, yawancin maganarsa ke nan.

A wurin zaman, sukan kewaya a kan kujerun roba, kowa da kofin shayi, a bi su ɗaya-ɗaya kowa ya faɗi abin da yake ji a ransa. In an zo kan Eruera sai ya ce, "Ba komai." Ana ganin ɓoyewa yake yi, alhali bawan Allah ya duba ne bai tarar da komai ba. Ba ya marmarin giya, ba ya marmarin wani abu daban. Tekun ma yakan wuce ta a bas ya kalle ta kamar gonar wani.

Uwarsa Ripeka na kwance a gida. Ciwon daji ne, likitoci sun sallamo ta, kowa kuma ya san abin da sallamar ke nufi. Kwana huɗu ba ta sa komai a baki ba, sai wata safiya ta kira shi.

"Eru, paua nake so. Na dutsen ubanka, ba na kanti ba."

Paua wani babban dodon-koɗi ne da ke manne wa duwatsu a ƙarƙashin teku. Dutsen da take nufi yana can ciki, ba a ganinsa daga sama. Sai ka tsai da kwalekwale inda rufin coci ya daidaita da tsagar tsauni, turken ƙarshe na tsohuwar gadar jirage kuma ya rufe wata busasshiyar bishiya. Waɗannan alamu uba ke nuna wa ɗansa guda ɗaya, shi ke nan. Kakan Eruera ya nuna wa ubansa, ubansa ya nuna masa, kuma ba su taɓa ɗibar fiye da abin da za a ci ba.

Ya buga wa Glenys waya, ya roƙi a cire na'urar na yini ɗaya. Ta tausaya masa, ta ce ba ita ke da iko ba, sai an rubuta wa hukuma, amsa kuma takan ɗauki makonni. Ya lissafa a ransa. In ya nutsa, za a binne uwarsa yana kurkuku. In ya jira, amsar za ta zo bayan an share makoki.

Sai ya nufi gidan Kereama, ɗan ƙanen ubansa, wanda ya iya nutso amma bai iya riƙe baki ba. Duk abin da Kereama ya sani da safe, kafin la'asar ya gama mashaya.

"A'a, amarya mai munduwa!" in ji Kereama. "Yau kuma mu aka tuna? Ɗaga wandon mu ga adon."

"Mama ce ke son paua."

"To ai ga shi nan a bakin gaɓa, ƙanana dai."

"Na dutsen Baba take so."

Kereama ya daina dariya. Shekara ashirin yana bin bayan kwalekwalen Eruera don ya gano wurin nan.

Suka fita da hantsi. Eruera ya naɗe ƙafar da leda, ya ɗora ta kan bokiti kamar mai targaɗe. Da suka iso ya ce a kashe inji. Yana kallo Kereama ya juya a hankali, ya dubi cocin, ya dubi tsaunin, ya dubi gadar, leɓensa na motsi.

"Ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka, ba mai ji daga bakina."

"Guda shida kawai," in ji Eruera.

Kereama ya nutsa, ya fito da goma sha ɗaya, manya-manya, yana haki yana washe baki. "Wai ka ga abin da ke ƙasan nan? Ai ko shekara aka yi ana kwasa ba zai ƙare ba!" Eruera ya san wata uku ma ba zai kai ba. Ya jira ransa ya ɓaci, bai ɓaci ba.

A gida ya yanka naman, ya dafa shi da albasa da madara mai kauri yadda take so. Ripeka ta ce a kawo mata ɓawon tukuna. Ta auna shi da tafin hannunta, ta gyaɗa kai. Ta sha cokali uku, sannan ta ce ya sunkuyo. Ta cusa yatsu cikin gashinsa, ta murza, ta kai hanci. A bushe yake, ba gishiri ba ƙarnin teku.

"Wa ya sauka?"

"Kereama."

"To ya ga alamun ke nan."

"Ya gani, Mama."



"Shekara arba'in ina auren ubanka, ko ni bai gaya wa ba."

Eruera ya ɗauki kwanon zai fita da shi, ta riƙe masa hannu.

"Ina za ka kai? Zauna ka ba ni sauran. Ai daga wannan babu wani."

Ya zauna a bakin gadon ya ci gaba da ba ta, har ta cinye.