Jakadan Inna a Ajin Jami'a

A gidanmu na Ƙofar Rini, in an sauke tuwo, kakarmu Inna Kulu ba ta bari a kashe murhu. Takan jawo kujerarta kusa da garwashi, mu jikoki mu kewaye ta, hannuwanmu na ƙanshin miyar kuka. Ba ta san ko harafin boko ba. Sai ta gyara murya ta ce, "Ga ta ta iso, wa ka tarbar ta?" Mu ce mu ne.

Tatsuniyar da na fi so ita ce ta tsohon jakada. Garuruwa biyu suka yi rikici a kan rijiya. Sarkin ɗaya ya fusata, ya aiki jakadan ya zagi ɗayan, ya gaya masa zai ƙone garinsa. Tsoho ya yi tafiyar yini, ya dawo ya durƙusa.

Nan Inna kan karkace kai, ta maƙale murya. "Ranka shi daɗe, tsuhwa ta kama ni. Mi kac ce in hwaɗi?"

Sarki ya maimaita, amma ban da zagin. Sau uku tsohon yana mantawa. A na ƙarshe sarki ya ce, "Ka gaishe shi, ka ce mu zauna kan maganar rijiyar."

Da na girma na shiga jami'a, ina karanta siyasa da hulɗar ƙasa da ƙasa. A shekara ta uku malaminmu ya tambayi dalilin da masu shiga tsakani kan ja lokaci da gangan. Na ɗaga hannu na ba da labarin jakadan da Turanci. Malam ya ji daɗi ƙwarai, ya ce a ina na samo shi.

Na waiga. Rabin ajin 'ya'yan manya ne, masu ambaton marubutan Turai kamar 'yan uwansu. Na ce a wani tsohon littafin Turawa na gani, sunan ya shige mini.

Ranar Juma'a na je gida. Bakina bai iya shiru ba, na gaya wa Inna tatsuniyarta ta sa an yaba mini.

Ta daina tsinkar zogalen da ke gabanta. "Har can makarantar manya? Ka hwaɗa musu tawa ta?"

Na ce na faɗa.

Ta sa aka kira maƙwabta ta ba su labari. Ta dafa kaina ta daɗe tana sa mini albarka, ni kuwa ina kallon ƙasa. Kafin in kammala karatu ta rasu.

Na daɗe ina zaton darasin tatsuniyar na sarakuna ne kawai. Daga baya na gane tsohon ya yarda a ɗauke shi sakarai don mutane su tsira. Ni minti ɗaya na kasa jure a san jikan wace ce ni. Yau ni ke koyar da wannan darasi, kuma duk shekara nakan rubuta sunanta a allo kafin in fara. Ɗalibai sukan kwafa. Ba su taɓa tambayar me ya sa nake jimawa ban juyo ba.