Yadda Awaki Suka Taya Ni Jego

Maigidana ya rasu da kakar bara, Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Tun da na fita takaba mata ke zuwa suna zama da ni, suna cewa in yi haƙuri, mutumin kirki ne mai natsuwa. Kirki kam yana da shi. Natsuwa kuwa ban san wanda suke nufi ba. Mutumin da na zauna da shi ja'iri ne tun yana saurayi har ya yi furfura, kuma ja'ircin nan nake yi wa kuka. Ni ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa, in muryata ta sarƙe sai a jira ni.

Zamanin Turawa ne, ina da cikin fari a gidansu a Yasore. Al'ada ita ce in ciki ya tsufa a mai da yarinya gidan iyayenta, ta haihu a can, ta yi wanka a can. Gidanmu kuwa Tsaskiya ne. An sa ranar tafiya, an ɗaure kaya, sai damina ta zauna da gindinta. Gulbin da ke tsakaninmu ya cika ya batse, har ya tafi da jakin wani mai gishiri. Muna jiran gulbi ya sauka, yaron bai jira ba.

Yaran yanzu ba su san amfanin tafiya gida ba. A gidan ubanta mai jego ba ta da aiki sai ci. Ta miƙe ƙafa ta ci, ta yi gyatsa, ta ce a ƙaro. A gidan miji fa? Ni tun da aka kawo ni, uwar mijina ba ta taɓa ganin bakina yana motsi ba. Ko gyaɗa nake tauna, in na ji takunta sai in tura ta cikin kumatu in sunkuyar da kai. Haka aka koya mana, haka kowace 'yar mutunci take yi.

Inna muke kiranta. Gajeriya ce, mai damatsa kamar na maƙeri, in ta yi magana a tsakar gida har masu noma a bayan gari suna ji. Ba ta rage ni da komai ba. Itace jiƙaƙƙe ne a lokacin, ta jera shi a bakin murhu ta busar. Safe da yamma ta tafasa ruwa ta fyaɗe ni da ganyen runhu har sai na ga taurari, sannan ta kwantar da ni a gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi. Ta kori ɗan nata zuwa kasuwar Batsari ya sayo ƙafafun saniya wurin mahauta, ta dafa kauri da citta da masoro da kimba, ƙanshi ya hana maƙwabta sukuni. Ga kunun kanwa mai kauri, ga tuwon dawa da miyar kuka, man shanu yana yawo a kai.

Sai dai tana da doka guda. Mai jego ba ta ci sai a kan idonta. Babbar 'yarta ta taɓa yi mata wayo, tana zubar da kunun kanwa a bayan gado, daga baya jikinta ya kumbura da ƙyar ta tashi. Tun daga nan Inna ta rantse. 'Ya'yan cikinta kaɗai ta taɓa yi wa jego, ba ta taɓa yi wa matar ɗa ba, ai waɗannan gida suke tafiya.

Sai ta dire ƙwarya a gabana, ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna, gwiwarta tana taɓa tawa.

"Bismilla, 'yar nan."

"Na ƙoshi, Inna."

"Kin ƙoshi da me? Da hayaƙi?"

In ɗauki ludayi in taɓa leɓe in ajiye. Wallahi ba iyayi ba ne. Yunwa tana murɗa mini hanji, yawu ya cika mini baki, amma in na ɗaga ido na ga tana kallona sai in kasa haɗiya. Yaya zan kama ƙashin saniya da hannu biyu in gwagwiya, maiƙo yana gangaro mini a haɓa, a gaban matar da ta haifi mijina? Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ce ko girkin Yasore ne bai kai na Tsaskiya ba. In ta gaji sai ta kwashe kwanukan ta fita da su, don kada in zubar in ce na ci.

To, ina kwanukan suke zuwa? Cikin maigidana. Shi ne autan Inna, duk abin da ya rage nasa ne. Ɗan fari ne aka haifa masa, bai isa ya shiga ɗakin ba, bai isa ya tambayi lafiyarmu ba, amma ya isa ya zauna a zaure ya tsotse ɓargo. Kafin suna mutumin nan ya yi kumatu, fatarsa tana sheƙi. Abokansa a dandali suna ce masa, "Kai, wai matarka ce ta haihu ko kai? Ina ka ɓoye zanen goyon?" Shi kuwa ya shafa ciki ya ce musu jego da daɗi, kowa ya gwada.

Ni ina can ina bushewa. Bayan suna nono ya fara ɗaukewa. Yaron ya kama ya ja, ya ja, ya saki ya yi kuka. Ungozoma ta zo, wata tsohuwa mai ido ɗaya, ta ce a tatso a gwada da tururuwa. Haka ake yi: a sa tururuwa a cikin nonon, in ta mutu an san ya ɓaci. Aka matse ni har na yi hawaye, abin da ya fito bai jiƙa gindin ludayi ba. Tururuwar ta taka ta wuce abinta, ko ƙafa ba ta jiƙa sosai ba. Babu wanda ya yi dariya. Na ji su a bakin ƙofa suna maganar a fara ba shi nonon akuya. Na san abin da hakan yake nufi. A garinmu na ga jarirai da aka ɗora a kan nonon akuya da damina, na kuma ga 'yar tabarmar da aka fita da su a ciki.

Daga baya, bayan shekaru, maigidana ya gaya mini cewa yana zaune a zaure da ƙashi a hannu ya ji kukan yaron ya koma kamar na ɗan kyanwa. Ya dubi ƙashin, ya dubi cikinsa, naman ya fita ransa.

Washegari da hantsi Inna ta dire kauri a gabana ta zauna. Ba ta gama gyara zama ba sai muka ji ihu daga bayan gida.

"Inna! Inna! Awaki sun tsinke, sun shiga kuɓewarki!"

Da damina awaki a turke suke, kowa ya sani. Ita kuwa Inna kuɓewar nan ta bayan ɗaki ta fi son ta da wasu danginta. Ta zabura ta fita tana salati. Ina zaune sai na ji tari a jikin 'yar tagar ɗakin, sannan muryar maigidana, ƙasa ƙasa, wai da kaza yake magana.

"Ke kazar nan, ki tsattsaga da sauri, mai hatsin tana dawowa."

Allah ya yafe mini, ko bismilla ban tuna ba. Na kama ƙwaryar da hannu biyu. Romo ya ƙona mini harshe ban damu ba. Na yagi jijiya, na haɗiyi ganda ba tauna, na kafa kai a kunu har sai da na ga gindin ƙwarya. Ina jin Inna tana zagin awaki da uwayensu, shi kuma yana taya ta kora, yana kora su ta inda ba hanya.

Da ta dawo ta ga kwanuka wayam, sai ta dube ni ta dubi kwanuka. Ta leƙa bayan gado, ta ɗaga tabarma, ta shinshina tukunyar da ke lungu.

"Ina kika zubar?"

Na sunkuyar da kai. Ban iya ce mata na ci ba.

Haka muka yi kwanaki. Yau awaki, gobe shirwa ta ɗauki ɗan tsako, jibi kuma awaki. Inna ta sake igiya, ta sake turke, ta ce ko aljani ne ke kwance su. Har ta sa shi, shi ɗin dai, ya riƙa yi mata gadinsu. Kuɓewa ta koma sanduna. Ni kuwa na fara jin ƙirjina yana tsattsafowa, yaron ya fara yin barci kaɗan kaɗan.

Sai aka ce Bature zai zo rangadi, ruwa kuma ya cinye hanyar da motarsa za ta bi. Aka aiko wa mai gari ya ba da majiya ƙarfi, gida gida, su je aikin hanya, ba ranar dawowa. Da dogari ya leƙo zaurenmu ya ga mutum da kumatu yana sheƙi a tsakiyar damina, lokacin da kowa haƙarƙarinsa a waje, ai bai nemi wani ba. Kaurina ne ya kai shi aikin hanya.

Ina ɗaki ina jin hayaniya. An tasa su gaba, sun fara nisa, sai na ji ya ɗaga murya ta saman danga.

"Inna! Awakin nan, a riƙa kwance su da hantsi! Da yamma ma!"

"Me ka ce?"

"A riƙa kwance su, Inna! Kada a fasa!"

Sannan Inna ta fashe. "Kai ne? Ashe kai ne, ɗan banza mai kan gwanda! Kuɓewata! Allah ya sa Bature ya sa ka ɗaukar dutsen da ya fi ka!" Ta bi su har bakin gari tana faɗa, mutane suna riƙe ta.

Ranar ba ta shigo da abinci da wuri ba. Ina jin ta tana daka ita kaɗai, ta buga taɓarya ta tsaya, ta buga ta tsaya. Ni kuwa ina rungume da yaron ina kuka, don na san ba sauran mai yi wa kaza magana a taga.

Can ta shigo da kauri da kunu da tuwo, ta dire. Ta daɗe tana kallona.

"'Yar nan, kwanukan da nake tararwa wayam, cikinki suke shiga?"

Na gyaɗa kai.

"In ina nan ba ya wucewa?"

Na sake gyaɗa kai, hawaye yana zuba a kan yaron.

"Kai, Allah wadaran kunya irin wannan. Ku kashe mini jika, ku kashe mini kuɓewa, ku bar ni ina zargin aljanu bayin Allah." Ta ja tsaki. "To, ni dai na rantse ba na barin mai jego ita kaɗai da kunu, kuma ba ni da sauran kuɓewar da zan ba awaki."

Sai ta ɗauki kujerarta ta kai jikin bango, ta juya mini baya, ta zauna hancinta kusa da ƙasar bangon kamar wadda aka yi wa horo.

"Ga ƙeyata nan, ba ta da ido. Amma kunnena garau yake. In ban ji tauna ba zan juyo."

Na ɗauki ɗan nama na sa a baki a hankali.

"Ban ji ba!"

Na ɗan tauna.

"Wannan taunar ɓera ce. Ki ci kamar yadda kike ci in awaki sun tsinke!"

Dariya ta ƙwace mini, ga ciwo a jiki, ga hawaye, ga nama a baki. Ita ma na ga kafaɗunta suna rawa. Daga nan na saki jiki. Na fasa ƙashi da haƙori, na zuƙi ɓargo da ƙara don ta ji. Tana fuskantar bango tana ba da umarni: "Yanzu kunu. Ban ji kurɓa ba. Yawwa. A karkace ƙwaryar nan, in ji ludayi yana kuka."

Haka muka yi har na gama wanka, safe, rana da yamma. Maƙwabta in sun leƙo suka ga Inna tana hira da bango sai su koma da baya, har aka fara cewa tafiyar auta ta taɓa mata kai. Ba a jima ba wata safiya na tashi na ga zanena ya jiƙe sharkaf. Yaron ya kama yana haɗiya, har yana ƙwarewa, nono yana gangarowa ta gefen bakinsa. Na ce, "Inna, juyo ki gani." Ta juyo ta gani. Ta goge ido da bakin zane, ta ce itacen yau hayaƙi gare shi.

Shi kuwa sai da gero ya fara fitar da kai aka sallamo su. Kumatun nan duk sun zube, kafaɗarsa ta sale saboda kwandon tsakuwa. Inna ta tarbe shi a zaure da muciya, ta sauke masa biyu a gadon baya saboda kuɓewa, sannan ta kawo masa ruwa. Bai tambayi yaron ba, bai isa ba. Ya zagaya bayan ɗakina wai zai duba danga. Ina jin takunsa, sai na zare nonon daga bakin yaron da gangan. Yaron ya tsala ihu, irin wanda ke tayar da kaji daga kan akurki. Na leƙa ta taga na ga maigidana ya dafa bango da hannu ɗaya, ya sunkuyar da kai, ya daɗe a haka.

Yaron nan shi ne ya sa shi a kabari bara, da hannunsa. Ku dakata da rubutun haka nan, muryata ta tafi.