Harafin da Na Danna a Bungudu

Ba a daɗe da ba mu jihar Zamfara ba na samu aiki a wani shagon buga takardu a Tudun Wadan Gusau. Kwamfutocinmu duk kwance ne, tsofaffin da masu su suka gaji da su. In ka kunna ɗaya sai ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama farkawa ba. Mu biyu ne a shagon, ni da wani Bakano da ya fi ni sanin cikin inji nesa ba kusa ba. Shi ya samo wani ƙaramin tsarin sarrafa kwamfuta marar nauyi wanda tsohuwar kwamfuta ke iya ɗauka ba tare da nishi ba, muka riƙa zuba wa mutane a injinansu.

Duk sanda gyare-gyaren tsarin suka iso mana a faifai, sai an bi injinan ɗaya bayan ɗaya an sabunta su. Don haka abokin aikina ya rubuta wani ɗan furogiram da ke yin aikin da kansa, muna ce masa ɗan aike. Na farkon da Turanci yake magana, kuma yana da halin tsayawa cak a tsakiyar hanya. Sai ya zauna ya sake masa fasali, ya mayar da tambayoyinsa Hausa, ya miƙo mini faifan ya ce in zagaya in gwada a injina daban-daban kafin mu sake shi ga jama'a.

Ni ɗan Nahuce ne, amma a Kano na yi karatu. A can aka yi mini dariyar da ban manta ba ranar da na ce wa malami "mi kac ce", kuma daga nan na shiga wanke bakina. Na dawo gida da Kananci tsaf, ina ji da shi kamar sabuwar riga. Abokin aikina kullum kunnensa a buɗe yake, yana jiran in yi tuntuɓe ya samu abin tsokana har yamma, ni kuwa na rantse ba zai samu ba.

Sabon ɗan aiken yana da tambaya ɗaya kafin ya fara aiki. Cikin tsofaffin injinan ƙarami ne, wani lokaci sai an share an samu wuri, don haka yakan rubuto: "A bar abin da ke cikin injin? I/A". Wurin wanda ya rubuta, I na nufin i, A na nufin a'a, kuma bai ga abin da zai yi wa bayani ba. Ni kuwa a gidanmu ba a cewa i. Awo muke cewa. Idona ya karanta tambayar, zuciyata ta amsa da awo, yatsana ya sauka kan A, duk kafin Kanancina ya farka daga barci.

A Gusau na fara, da wani injin shagonmu da ba komai a cikinsa. Ɗan aike ya share abin da babu, ya zuba sabo, komai ya tashi lafiya. Na hau mota zuwa Tsafe, wurin wani mai shagon hoto da ya sayi kwamfuta don ganin masu shigowa kawai, ya lulluɓe ta da zanen gado. Shi ma bai taɓa ajiye ko harafi a cikinta ba. Na danna A, aiki ya yi kyau, ya sayo mini tsire. Na dawo ina cika baki, na ce wa abokin aikina ɗan aikensa ya warke sarai, saura in gwada a injin da ake mora da gaske.

Irin wannan injin kuwa na san inda yake, a Bungudu, gidan surukina.

Mahaifin matata tsohon malamin firamare ne. Da ya ajiye aiki babban ɗansa ya kawo masa tsohuwar kwamfuta, ni na zuba mata tsarin. Matata ta faɗa mini tun daga lokacin kullum da hantsi, in akwai wuta, yakan zauna ya riƙa bugawa da yatsa ɗaya, hancinsa kusa da gilashin saboda idonsa ya fara rauni. Labarin gidansu yake rubutawa, yadda kakanninsu suka sari daji suka yi gona, da abin da ya ji daga bakin mahaifiyarsa, har waƙoƙin da take yi in tana niƙa. Daga ka yake bugawa, bai ajiye a takarda ba. Ya kwashe damina biyu yana wannan aiki.

Tsakanina da shi kunya ce irin ta suruki. Tunda na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa zama kujera yana wurin ba. In na je sai in tuɓe takalmi tun daga zaure, in durƙusa, mu gaisa, kaina a ƙasa, in tashi. Ranar ma haka na yi, sai dai na ƙara da cewa na zo in sabunta masa injin don ya ƙara sauri. Ya ce to, ya koma kan buzunsa a bakin ƙofa yana jan carbi. Ya kamata in kwafe rubutunsa a wani faifai tukuna, amma faifan ɗan aike kaɗai na riƙo, kuma ina ganin abin da ya yi lafiya sau biyu ba zai ba ni kunya a na uku ba.

Tambayar ta fito. Wannan karon har na tsaya na sake karantawa, saboda na san abin da ke ciki. A bar shi? Awo mana. Na danna A da ƙarfina.

Injin ya daɗe yana gurnani fiye da na Gusau da na Tsafe, na ɗauka tsufa ne. Da ya gama na buɗe inda rubutun yake don in nuna wa tsohon komai na nan. Wurin fayau. Na rufe na sake buɗewa, na kashe na kunna. Sai a lokacin idona ya koma kan haruffan nan biyu, na gan su yadda Bakano ke ganinsu. Na gwada duk dabarar da na sani ta dawo da abin da aka share, amma sababbin fayiloli sun riga sun hau kan tsofaffin, abin da na tsamo bai wuce 'yan guntayen layuka ba.

Na fi son a ce in yi tsirara a kasuwar Bungudu da in juya in fuskanci mutumin nan. Amma ba wanda zan aika. Na matsa gabansa, na durƙusa, na faɗa masa rubutunsa ya tafi, kuma ni na kore shi. Carbin ya tsaya a hannunsa. Ya sa na maimaita masa tambayar da injin ya yi.

"To, kai mi kad danna?"

"A, Baba."

"Don mi?"

Na rasa ta inda zan zagaya. Na ce, "Awo nika nuhi."

Ya dube ni, abin da bai saba yi ba. Ya ce, "Tun da kaɗ ɗauki ɗiyata ban taɓa jin maganar gida ga bakinka ba. Ashe bakin ɗai yat tahi Kano, yatsan na nan wurinmu."

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce idonsa ba zai iya sake wannan tafiya ba, don haka tunda yatsana ya ci, yatsana zai biya. In riƙa zuwa ran Asabar, shi yana faɗa ina bugawa.

Da na koma Gusau dole na ba abokin aikina rahoto, don ba a sakin ɗan aike da wannan rami a cikinsa. Na shirya wa dariyarsa. Ya fara ta kuwa, da ya ji abin da ya salwanta sai ta maƙale. A ranar ya gyara tambayar, ya sa sai mutum ya rubuta kalmar "share" da hannunsa kafin a taɓa komai. Bai sake tsokanata da maganar Zamfara ba, wannan ma wata kunyar ce.

Haka na shiga zirga-zirgar Bungudu. Ni a kan kujera, surukina a ƙasa kan buzu, abin da ko a mafarki ban taɓa yi ba. In na gyara masa kalma zuwa Kananci sai ya sa in karanto, ya ce in mayar yadda ya faɗa. Yawancin labarin ya dawo, wani wurin ma ya ce ya fi na da.

Sai wata Asabar muka iso kan waƙar niƙan mahaifiyarsa. Ya rera layin farko, na buga. Ya ɗauko na biyu ya kai rabi, ya tsaya. Ya koma farko ya sake tahowa, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Ya ce wancan karon ma da ƙyar ya kamo ta, wata safiya ta zo masa gaba ɗaya ya yi maza ya buga, daga nan ya sake ta tunda ya san tana cikin inji. Duk waɗanda suka san ta sun rasu.

Na zauna yatsuna a kan madannai ina jira, ban iya ɗaga kai ba.

"Bar wurin hili," in ji shi. "Ko ta komo."

Na danna na sauka layi huɗu, muka ci gaba da labarin gona. Har Allah ya karɓi ransa ba ta komo ba. Kwafin da muka buga yana hannun matata, kuma duk sanda ta buɗe wa yara shi sai sun tambayi abin da ya sa shafin nan yake da rami a tsakiya. Takan ce su tambayi babansu.